Ɗinkin da Crescenzo Ya Birkita

Shekara talatin Crescenzo yana ɗinka littattafai a layinmu a Napoli, bai taɓa karanta ko ɗaya ba. Cewa yake yi mai gasa burodi ba ya cinye hajarsa.

Wata shekara ƙafarsa ta kumbura, ya yi wata guda a zaune. Zaman ya ishe shi, sai ya buɗe wani littafi da lauya Don Saverio ya kawo ɗinki. Littafin ya ce kowace al'umma zamani uku take ratsawa: na tsoron alloli, na jarumai, sai na talakawa masu gardama. Daga nan ta lalace, a sake sabon lale.

Shi ke nan, mu maƙwabta muka shiga uku. In mai kifi ya ɗaga murya, sai Crescenzo ya ce, "Ƙyale shi, yana zamanin farko."

Matarsa Fortunata ta ce, "To ni fa, malam masani, wane zamani nake?"

"Na jarumai mana. Dubi ludayin da ke hannunki."

"Ai kuwa yanzu za ka ga jarumta."

Karatu ya ɗauke masa hankali har ya ɗinka littafin a birkice, ƙarshe a tsakiya, tsakiya a farko. Bai farga ba sai da aka kai wa mai shi. Kwana uku ko taliya bai iya ci ba, don Don Saverio ko kare ya yi masa haushi sai ya kai ƙara.

Rana ta huɗu sai ga lauyan da littafin a hammata.

"Crescenzo, aikinka ne wannan?"

"Ranka ya daɗe, wato ƙafata ce..."

"Sau biyu ina gwada karanta kwafin abokina, ban gane komai ba. Wannan kuwa tiryan-tiryan! Ashe ɗinki mai kyau yana buɗe kai."

Crescenzo ya yi godiya. Abin ya ci gaba da cin ransa, har ya je ya faɗa wa limamin cocinmu. Limamin ya yi dariya har da hawaye, ya ce wannan zunubin ba ya cikin waɗanda aka koya masa.

Crescenzo ya kai shekara tamanin, bai ƙara kuskuren ɗinki ba. Fortunata kuwa ba bikin da ba ta ba da labarin ba, shi yana gefe yana ta cewa ba haka aka yi ba.