Karan Dawar Kawu

Jiya na ji kalangu a kasuwar Mafara, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Shi ke tsara wa makaɗa waƙa, ya haɗa kalangu da jita, yana juya makaɗan da karan dawa: "Kowa ya jira numfashin ɗan'uwansa."

Masu fim suka zo, wai kiɗan noma suke so. Wata guda yana gyaransa. Ranar majigi a Maradun ina gefensa. Kiɗansa na tashi, sai ga katafila a majigin tana niƙe gonakinmu don dam ɗin Bakolori.

Ya ce, "Ɗiyata, ashe katafila na yi wa kiɗan gayya."

Muna isa gida ya karya karan. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya isar masa.