Dattijon da Ya Sa Aka Karanta Masa Sau Uku

A tashar motar Argungu wani dattijo yana tsaye, ya riƙe jarida da hannu biyu kamar kwanon miya mai zafi. Tafinsa ya yi kanta da jan taru, amma rigarsa ta sha guga. Tun safe ake ta cewa Hamida, mai wasan kwaikwayo a rediyon sabuwar jiharmu, ta bi wani mawaƙi Legas. Labarin ke nan da ke cikin jaridar.

Ya ba wani direba ya karanta masa. Daga nan ya tsallaka titi ya ba wani malamin makaranta wanda bai ji karatun farko ba. Haka alƙalan zamaninmu ke gwada shaidu. Ga shi yanzu a gabana, ya miƙo mini jaridar.

Na karanta masa har ƙarshe.

"Malam, wa yag gani da idonai?"

Na sake dubawa. "Ba a rubuta sunan kowa ba."

"Ɗiyata ce. Jumma'a dangin maneminta ka zowa gaisuwa."

Ya naɗe jaridar, ya shiga motar Birnin Kebbi, inda gidan rediyon yake, ya zauna daf da ƙofa.