Kaset ɗin Yayar Orlinda

Shekara ashirin da shida Orlinda Declay ta yi tana koya wa 'yan shekara huɗu yarenmu na Apache a makarantar ƙabilarmu da ke Cibecue. Ni ke dafa wa yaran abinci, don haka ba abin da ke wuce ni. Orlinda mace ce mai taurin kai, ga son yara kamar me.

Tana ƙarama aka kai ta makarantar kwana ta gwamnati, inda ake wanke wa yaro baki da sabulu in ya yi yarenmu. Ta dawo da yaren, amma waƙoƙin reno sun zube mata. Yayarta, wadda aka ɓoye a dutse ba a kai ta ba, ita ta riƙe su. Orlinda ta ɗauki muryarta a kaset, waƙa goma sha ɗaya, kullum da hantsi ta kunna wa yara.

Da yayar ta rasu aka ƙona kayanta yadda aka saba, sunanta ma muka daina kamawa. Orlinda ta ɓoye kaset ɗin, ta ci gaba da kunnawa. Na tare ta a kicin.

"Yaya, mamaciya kike kira wa 'ya'yan mutane kowace safiya?"

"Ke dai ji da gurasarki. In na ƙona, a bakin wa za su ji? Uku kacal na iya."

Sai mujiya ta fara sauka kan shingen makaranta da rana tsaka. Na tsorata, ban ɓoye ba. Rannan ana cikin waƙa wata yarinya, Leandra, ta ja hannun Orlinda.

"Kaka, tsohuwar nan ta bakin ƙofa ta ce ta gaji da tsayuwa. Wai in zo in raka ta gida."

Ba kowa a bakin ƙofar. Orlinda ta rungume yarinyar, ta ƙi sakinta har uwarta ta zo. Sannan Orlinda ta zagaya bayan kicin, ta jefa kaset ɗin a wuta da hannunta. Daga baya ta tsinci waƙa biyu a bakin yaran, shida kuwa sun tafi ke nan. Na tausaya mata ƙwarai.

Leandra ta daina duban ƙofa. Amma tun ranar, kullum da hantsi Orlinda sai ta ajiye kujera a wurin kafin ta fara waƙa. Sau biyu ina ɗauke kujerar ina mita. A na uku na ji ta da ɗumi kamar yanzu aka tashi daga kanta, ban sake taɓa ta ba.