Katin da Na Gani a Rumbun Baba

Ranar wata Alhamis ce, saura kwana tara zaɓe, a kakar da na cika shekara tara. Baba ya kama ni ta hammata ya zura ni cikin rumbu in miƙo masa ragowar tsohuwar dawa, don bakin rumbun ƙarami ne, sai yaro. Ina lalube a cikin duhu da ƙaiƙayi sai hannuna ya taɓa wani gwangwani a maƙale jikin bango. Na buɗe na ga ɗan kati. Ban yi boko ba, wannan ma faɗa nake yi ana rubutawa, amma alamar da ke jikin katin ko akuya ta san ta a lokacin. Ta ɗaya jam'iyyar ce, wadda ba a ambaton sunanta a unguwarmu sai an tofar da yawu. Na mayar na rufe, na miƙo dawa.

Zaɓen na wakilin da zai je majalisar gunduma ne, abin da yanzu ake cewa kansila. Mata ba sa jefa ƙuri'a a zamanin, maza ne kaɗai suke zuwa makarantar boko ta cikin gari, su shiga wani ɗan ɗaki ɗaya bayan ɗaya, kowace jam'iyya da akwatinta. Unguwarmu kuwa, a ƙauyenmu na wajen Makoda, kowa ya ɗauka bakinmu ɗaya, duk muna bayan jam'iyyar mai unguwa. Gidajenmu a warwatse suke cikin gonaki, amma kullum bayan magariba magidanta suna haɗuwa a zauren Malam Garba, ƙanin mai unguwa, kowa a kawo masa tuwo daga gidansa a ci tare. Ni ce mai kai akushin Baba.

'Yar Malam Garba, Ladi, ita ce ƙawata, kuma ba ƙawancen wasa ba. Iyayenmu mata ne suka ƙulla shi da ƙwaryar fura da goro a wata ƙaramar salla. Danga ɗaya ce tsakanin gidajenmu, da wata kafa da muke bi. Tare muke kai awaki bakin fadama, tare muke kalar gyaɗa bayan an cire, mu gasa a tokar kara, mu yi 'yar carafke a ƙarƙashin ɗorawa har Inna ta fara ƙwala kira. A makarantar allo ma tabarmarmu ɗaya. Ka'idar ƙawance kuwa ita ce ba a ɓoye wa ƙawa komai. Kwana uku na riƙe maganar katin, a na huɗu muna surfe na faɗa mata. Ta rantse ba za ta faɗa ba, kuma na yarda har yau ba da mugunta ta gaya wa uwarta ba. Ita ma yarinya ce.

Aka yi zaɓe, mutumin mai unguwa ya ci, amma aka sami 'yan ƙuri'u a ɗaya akwatin, aka shiga neman masu su. Ba a wahala ba wajen gano na farko. Washegari na kai akushi zaure, na durƙusa na gaishe su, babu wanda ya amsa. Malam Garba ya ce in mayar, an ƙoshi. Na koma da shi ko faifan ba a ɗaga ba, na tarar da Baba zaune shi kaɗai a ƙofar gida. Na fashe da kuka na gaya masa abin da na yi. Da ma dukana ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya dube ni ya ce, "Ba laifinki ba ne, Hanne. Ni na sa ki a rumbun." Ya jawo akushin muka ci tare, abin da bai taɓa yi ba.

Da safe na tarar an toshe kafar dangar da ƙaya. Da girbin dawa ya zo Baba ya kira gayya, Inna ta dama kunu tulu biyu, babu wanda ya zo sai wani tsoho kurma da bai san abin da ake ciki ba. Mu uku muka yi ta yankan zangarniya har kwana goma sha. Wata yamma na yi ƙarfin hali na tafi dandali inda 'yan mata ke gaɗa. A gaɗa, in layi ya zo kanki, juya baya kike yi ki saki jiki, ƙawaye su cafe ki. Na juya na saki jiki, sai ƙasa. Da na ɗago, Ladi na tsaye ta mayar da hannuwanta baya, tana kallon ƙafarta. Ban sake zuwa dandali ba. Awaki ne abokan hirata har na girma.

Mazan dai sun shirya. Bayan 'yan shekaru aka yi wata rasuwa, suka haɗu wajen haƙar kabari, akushin Baba ya koma zaure. Amma babu wanda ya tuna da mu, ai a ganinsu rikicin yara ne. Kafin nan an kai Ladi aure wajen Ungogo, ni kuma na zauna a nan, na haifi bakwai, na binne huɗu, bara waccan na binne mai gidana, Allah ya haskaka kabarinsa.

A zaɓen kansila da ya wuce, ina cikin layin mata a makarantar nan dai, sai na ji wata tsohuwa a gabana tana tambayar ko layin yana tafiya. Muryar ce na gane. Ashe ita ma mijinta ya rasu, ta dawo gidan ƙaninta, ga kuma yanar ido ta rufe mata gani. Na ce, "Ƙawa." Ta lalubo zanena ta riƙe, ta ce in kai ta, ba ta ganin hanya. Na kai ta har bakin tebur, aka shafa mata tawada, na tambaye ta ina zan ɗora mata yatsa. Ta ce, "Duk inda kika sa naki, Hanne. Kar ma ki gaya mini."

Ba ta ga damina ba. Sau huɗu kawai na samu na kai mata fura kafin a zo mini da labarin rasuwarta.

Yanzu ga wani zaɓen ya matso. Motoci na wucewa da lasifika, jikokinmu su sa hular wannan jam'iyya da safe, da yamma su sa ta waccan, su hau babur ɗaya suna dariya, babu mai mayar wa wani tuwo. Ina jin daɗin haka, wallahi, sai dai in na zauna ni kaɗai a tsakar gida sai hawaye. Ko sunan mutumin da ya ci wancan zaɓe na manta, na tambayi tsofaffi ma babu mai tunawa. A kansa muka rasa shekara sittin da ɗoriya, ni da Ladi.