Ƙafa Mai Huda Biyar

Da kakar shekarar da na shiga aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, ranar kasuwar Gidan Amumune, jantin ƙafar baya na motarmu, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, ya tsage cikin rairayi muna ɗauke da buhunan wake. Har yau ina ganin Inna tsaye ta ɗaure gyale a ƙugu, direbanmu Malam Idi durƙushe, masu kabu-kabu na ratsa mu suna kallo.

Tsohuwar bashe ce, wato a-kori-kura, ƙirar Faransa, ita Baba ya bar mana da ya rasu, kuma ita ke ciyar da mu. Huda biyar ke ga ƙafarta, sauran motocin hanyar kuwa duk ƙirar Japan ne masu huda shida. Direbobi suka tsaya, suka sauko da ƙafafunsu na ajiya, ba wadda ta shiga. Da shanu aka ja motar gida.

Baffa Sani, ƙanen Baba, ya zo tun ba mu huta ba. "Ki sayar wa masu tsohon ƙarfe. Ina mace ina mota?" Wani ya ce a samo mai shida, maƙeri ya ɓula mata sababbin huda. Inna ta ce, "Ba na ɗora 'ya'yan mutane kan ƙarfen da aka ɓula da ka. Kuma ba na sayarwa."

Ta ɗauko faifan rufe ƙwarya, ta shafa gawayi a kan ƙusoshin ƙafar, ta danna shi, ta huda gurbin kowacce. Duk ranar da babu lakwal, in na gama daka da ɗebo ruwa, sai mu kama hanya muna leƙa ƙarƙashin amalanke, domin da ƙafafun matattun motoci ake ƙera su. Yara na bin mu suna kiran mu "masu auna amalanke", Inna ko waiwaye. A Hawandawaki muka samu mai biyar, na yi tsalle, amma da muka ɗora faifai sai ga hudojin sun matsu da juna. Ashe yawa kaɗai bai isa ba, sai tazara ta yi daidai.

Bakin wata rijiya kusa da Attantane muka dace, jikin amalanken wani Bafillace mai shayar da shanu. Ya yi ta dariya, sannan ya yarda: ya karɓi akuyarmu da jantinmu da aka yi wa walda, wanda ya isa tafiyar shanu ko da bai isa ta mota ba. Inna ta ƙi bin bayan gari. Ta ƙofar Baffa ta sa na gara ƙafar, yana zaune kan tabarma.

Motar ta yi aiki har na gama kolej. Yanzu hoto ake turawa Maraɗi ta waya, washegari kaya su iso, ba wanda zai yi maka dariya a hanya. Sauƙi ne, na sani. Amma ni a bayan Inna, cikin rairayi, na koyi yadda ake cewa a'a.