Tsohuwar Bencin Baya a Alƙosh

A farfajiyar cocin garin Alƙosh, Malam Hormiz yana koyar da rubutun yaren Kaldiyanci. Idonsa na kan wata tsohuwa mai baƙaƙen kaya a bencin baya. Bai san ta ba. Hannayenta duk kanta, wataƙila a gonar inabi ta tsufa. Suna ɗaya take ta rubutawa a allonta, Yalda, tana danna alli har yana karyewa.

"Inna, sauran haruffan fa?"

"Bar su, ɗana. Da yaren nan na raine shi, amma da aka sassaƙa sunansa a kan kabari, sai da maƙwabciya ta karanta mini."

Babu ko ɗigon hawaye a idonta. Ta goge allon da bakin mayafinta, ta sake farawa.