Saniyar Yumɓun da Ba Ta Isa Hannun Bitrus Ba

"Baba, sun tafi."

Haka ɗana Sadiƙ ya shigo min yau da hantsi, rungume da saniyar yumɓu, idonsa ya ciko da ƙwalla.

Su abokinsa Bitrus, ɗan maƙwabcinmu malamin jami'a, su ne suka tashi, sun koma garinsu. Da Sadiƙ ya ji za su tafi, ya sa yayansa ya raka shi bakin kogi suka ɗebo yumɓu. Ya zauna ya gina masa saniya irin wadda suke zuwa kallo a kara ran Juma'a, har da tozo, ƙahonin kuma na ƙayar aduwa.

Jiya da yamma ya ɗauka zai kai masa, na tare shi. Ni da na tashi a Utai ina gina irinsu, na san ɗanyen yumɓu ba ya jure tafiya. Na ce ya bar ta ta sha iska, da safe mu gasa ta a murhu ta yi ƙwari.

Mun gasa kuwa, ta yi kyau. Ashe motar kayansu tun asuba ta ɗaga.

Na ce, "Yi haƙuri. Da jiya ka ba shi, da ta karye a hanya."

Ya ce, "Baba, ko ta karye, ai a hannunsa za ta karye."

Ga ta can a kan taga, ya ƙi ko kallonta.

Iyaye, ku ma kun taɓa zuwa gyara wa yaro abu kuka ɓata masa?